Kuɗin Jam'iyya: Wa Ya Bayar?

Idan zaɓe ya ƙarato, ko makaho ya san an shiga wani hali a ƙasar Birniwa. Motoci su kan cika hanyar Haɗejiya da Nguru, ko wace da lasifika a kanta. A kan manna hotuna a bangon kasuwa da jikin itatuwa. A kan ɗauko makaɗa da maroƙa, a raba huluna da riguna, a kai wa mata atamfa da sabulu da taliya. Ran zaɓe kuma ko wace rumfa sai jam'iyya ta sa wakilinta, shi ma ba da yunwa zai wuni ba.

Duk waɗannan abubuwa kuɗi ne. Mota ba ta tafiya da ruwan rijiya, maɗinki kuwa ba ya ɗinka hula dubu sabo da Allah. To, wa ya biya? Galibinmu ba mu kan yi wannan tambaya ba. Mu kan ce, "Ai kuɗin siyasa ne," mu karɓa mu wuce, sai ka ce siyasa wata gona ce da a ke girbe kuɗi a cikinta. Alhali kuwa ko wace naira akwai aljihun da ta fito, mai aljihun nan kuma yana da suna, yana da abin da ya ke so.

Gudummawa iri biyu ce

Matanmu sun fi mu gane wannan magana. Idan mace tana aurar da 'yarta, ƙawaye da dangi su kan kawo gudummawa, wannan ta kawo kwano, waccan ta kawo kuɗi. Uwar biki ba ta mantawa da ko ɗaya. Idan ta iya rubutu sai ta rubuta, idan ba ta iya ba sai ta kira yaro ɗan makaranta ya zauna kusa da ita da littafi. Me ya sa? Domin ta san biki bashi ne. Ran da na waccan ya zo, dole ta mayar, har ma ta ɗora wani abu a kai.

Manoma ma sun san irin wannan. Mutum ya kan karɓi kuɗi wurin ɗan kasuwa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a kan cewa da kaka zai biya da gero ko riɗi. Ranar karɓa daɗi gare ta. Ranar sussuka ita ce mai zafi, don mai kuɗi ya kan zo da buhunansa ya tsaya a bakin masussuka.

Kuɗin da a ke ba jam'iyya, akwai na ƙauna, akwai na bashi. Talakan da ya yanki kati, ko ya ba da naira dubu don ya yarda da manufar jam'iyyarsa, ba ya jiran kome sai a yi mulki da adalci. Amma wanda ya ba da miliyan hamsin, da wuya a ce don ƙauna kaɗai ya yi. Watakila ɗan kwangila ne, yana hangen aikin hanya ko na asibiti. Watakila yana so a ba shi dillancin takin zamani. Watakila wani ɗansa ya ke so a ba babban muƙami. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Ga inda bashin siyasa ya bambanta da na uwar biki. Uwar biki da kuɗinta za ta mayar. Manomi da geronsa zai biya. Amma ɗan siyasa idan ya ci zaɓe, ba daga aljihunsa ya ke biya ba, daga baitulmali ya ke biya, watau daga kuɗin jama'a. Wani ya ci bashi, wani dabam ya biya, mai biyan kuwa ba a ko gaya masa nawa ne ba.

Mu ɗauki misali da abin da ya dame mu a nan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗejiya ta sake. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Guri da Kiri Kasamma, wani wuri ruwa ya yi yawa, wani wuri ya ƙi zuwa. A 2020 da 2022 ambaliya ta ci gonaki da gidaje masu yawa a masarautar nan. Sabo da haka aikin jinga da yashe kogi da gyaran kwalbati ba wasa ba ne a wurinmu, shinkafar shekara ce da ɗakin kwana. To, a ce an ba wani kwangilar jinga, ba don ya iya ba, sai don shi ya sayi motocin yaƙin zaɓe. Zai cire abin da ya kashe, ya cire ribarsa, abin da ya ragu shi zai zuba a bakin kogi. Idan jingar ta karye cikin watan Agusta, shi yana birni. Injiniyan da zai duba aikin kuwa ba zai iya ɗaga masa murya ba, don ya san wanda ya ke bayansa. Da a ce sunan mutumin nan yana rubuce cikin masu ba da gudummawa, kowa ya gani tun kafin zaɓe, da ranar da aka ba shi aikin mutane sun haɗa biyu da biyu. Mai ba da aikin ma da ya yi tunani sau biyu. Amfanin bayyana sunaye ke nan.

Abin da ya faru a zamanin iyayenmu

Wannan matsala ba yau ta fara ba. Tsofaffin da suka ga zaɓen 1959 suna ba da labarin yadda Cif Obafemi Awolowo, shugaban jam'iyyar AG, ya zagaya garuruwan Arewa da jirgi mai saukar ungulu. Mutane da yawa ba su taɓa ganin irinsa ba sai ran nan. Kowa ya yi mamaki, amma ba wanda ya san inda kuɗin ya fito, domin a lokacin ba dokar da ta tilasta wa jam'iyya ta faɗa.

Amsa ta fito bayan shekara uku. A 1962 Gwamnatin Tarayya ta naɗa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Coker, don ta duba waɗansu hukumomin Jihar Yamma. Aka tarar Hukumar Ciniki ta jihar, wadda ke riƙe da rarar kuɗin manoman koko, ta ba wani kamfani mai suna NIPC rancen miliyoyin fam. Masu kamfanin nan manyan 'yan AG ne. Daga kamfanin kuma kuɗi mai yawa ya zarce cikin asusun jam'iyya. Gaskiya ne binciken ya zo lokacin da AG ta rabu biyu, waɗanda suka naɗa hukumar kuwa abokan hamayyarta ne, don haka har yanzu magoya bayan Awolowo suna cewa da siyasa a ciki. Amma hanyar da kuɗin ya bi ta fito fili: daga gonar manomi zuwa hukuma, daga hukuma zuwa kamfani, daga kamfani zuwa jam'iyya.

Kafin wannan an yi makamancinsa a Jihar Gabas. A 1956 aka naɗa hukumar Foster-Sutton ta binciki yadda aka zuba kuɗin gwamnatin jihar cikin bankin ACB, bankin da Dokta Nnamdi Azikiwe da iyalinsa ke da hannu a ciki, wanda kuma jam'iyyarsa ta NCNC ke samun rance a wurinsa. Hukumar ta ga laifinsa. Shi kuwa ya rushe majalisa, aka sake zaɓe a 1957, mutanensa suka sake zaɓensa. Wannan ma darasi ne. Bayyana lissafi ba ya yanke wa jama'a hukunci, su ne za su yanke da kansu, amma da idonsu buɗe.

Kada wani ya ce wannan halin Kudu ne. A nan Arewa jam'iyyu biyu ne suka fi ƙarfi, NPC ta Sardauna da NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950. NPC ta jingina da sarakuna da hakimai da ma'aikatan En'e, da manyan attajirai masu lasin sayen gyaɗa, irin gyaɗar da a ke lodawa a jirgin ƙasa a Malam Madori da Birniwa. Sau da yawa talaka ba ya iya rarrabe inda En'e ta tsaya da inda jam'iyya ta fara. NEPU kuwa da kuɗin kati da karo-karon talakawa ta fara, teloli da mahauta da 'yan tireda da ƙananan malamai. Da abin ya gagara, ta ƙulla ƙawance da NCNC, tana samun taimako daga can. Abokan hamayyarta suka sami abin gori, suna cewa ta sayar da kanta ga 'yan Kudu. Ko wane ɓangare yana zargin ɗaya da cin kuɗin wani, ba kuwa takardar da talaka zai duba ya raba gardama.

Gwamnatocin baya sun gwada magani iri iri. A 1989 Janar Babangida ya kafa jam'iyyu biyu da kansa, SDP da NRC, gwamnati ta ba su kuɗi, ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi, wai don kada masu kuɗi su saye su. A cikin wannan zamani aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, ran 27 ga Agusta 1991. Amma masu kuɗi ba su fita ba, ta taga suka shigo. Bayan 1999 ma an ci gaba da ba jam'iyyu tallafi daga baitulmali, har waɗansu suka riƙa kafa jam'iyya don su karɓi rabonsu kawai. Dokar zaɓe ta 2010 ta daina wannan.

Abin da doka ta ce

Babbar dokar ƙasa ita ce Tsarin Mulki na 1999. Sashe na 225 ya ce ko wace jam'iyya ta kai wa Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, watau INEC, bayanin dukiyarta da bashin da ke kanta. Ko wace shekara kuma ta kai cikakken lissafin inda ta sami kuɗi da yadda ta kashe. Ba a yarda jam'iyya ta ajiye kuɗi a ƙasar waje ba. Idan an aiko mata da kuɗi daga waje, ba ta da ikon riƙewa, sai ta miƙa wa Hukumar Zaɓe cikin kwana 21. Sashe na 226 ya ɗora wa Hukumar nauyin binciken littattafan jam'iyyu, ta kai rahoto gaban Majalisar Tarayya ko wace shekara. Sashe na 221 ya hana ko wace ƙungiya da ba jam'iyya ba zuba kuɗi cikin asusun jam'iyya ko na ɗan takara. Dokar kamfanoni ita ma ta hana kamfani ya ba jam'iyya kyautar kuɗinsa.

Bayan wannan akwai dokar zaɓe, wadda Majalisa ke gyarawa lokaci lokaci, adadin kuɗin da ke cikinta kuwa kullum sama ya ke yi. Dokar 2010 ta ce mai neman Shugaban Ƙasa kada ya kashe fiye da naira biliyan 1, mutum ɗaya kuma kada ya ba ɗan takara fiye da miliyan 1. Dokar 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ɗaga na Shugaban Ƙasa zuwa biliyan 5. Ta yanka wa mai neman Gwamna biliyan 1, Sanata miliyan 100, ɗan Majalisar Wakilai miliyan 70, ɗan Majalisar Jiha miliyan 30. Watau mai neman kujerar Birniwa da Guri da Kiri Kasamma a Abuja a 2023, iyakarsa miliyan 70. Mai ba da gudummawa kuwa aka ɗaga nasa daga miliyan 1 zuwa miliyan 50. Zaɓen ciyaman da kansila a nan, hukumar zaɓe ta Jihar Jigawa ke yinsa, da dokarta dabam.

'Yan aji, ku ɗauki fensir mu yi lissafi. Idan ko wane mutum ya ba da naira 1,000, mutum nawa za su taru kafin su kai miliyan 50? Mutum 50,000 ne. Watau attajiri ɗaya, ba tare da ya karya doka ba, ya yi nauyin mutum dubu hamsin a ma'aunin ɗan takara. A akwatin zaɓe ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta kowa. Amma ran da ya zo gaisuwa gidan gwamnati, ku da kanku kun san wanda za a fara shigarwa.

Ga wani lissafin. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin neman takarar Shugaban Ƙasa naira miliyan 100, PDP ta sayar da nata miliyan 40. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne a wata, watau 360,000 a shekara. Ma'aikacin da ke ɗaukar wannan albashi, ko da bai ci ba bai sha ba, sai ya yi fiye da shekara 277 kafin ya tara kuɗin fom ɗin miliyan 100. Shi ya sa muka riƙa ji a rediyo wai "ƙungiyar abokai" ko "masoya" sun saya wa wane fom. Su wane ne abokan nan? Nawa ko wanne ya bayar? Wannan ita ce tambayar da ba a cika amsawa ba.

Dokar 2022 ta yi maganar sunaye a fili. Ta hana jam'iyya karɓar gudummawar da ba a san mai ita ba. Ta ce jam'iyya ta ajiye littafi mai suna da adireshin duk wanda ya ba da abin da ya wuce naira miliyan 1. Cikin wata uku bayan an faɗi sakamakon zaɓe ta kai wa INEC rahoton gudummawar da ta karɓa. Cikin wata shida ta kai lissafin abin da ta kashe, wanda masu binciken kuɗi suka sa wa hannu, ta kuma buga shi a jaridu biyu na ƙasa. Sa'an nan ta umurci INEC ta ajiye waɗannan takardu a babban ofishinta da ofisoshinta na jihohi, duk mai so ya zo ya duba a lokacin aiki, ya ga sunan mai bayarwa da sana'arsa da abin da ya bayar.

A takarda, doka ce mai kyau. A aikace kuwa da sauran tafiya. Hukumar Zaɓe da kanta ta sha yin kukan cewa jam'iyyu da yawa ba su kawo lissafinsu a kan lokaci, waɗansu ma ba su kawowa sam. Horon da aka tanada ba shi da zafi: a dokar 2022, wanda ya ba ɗan takara fiye da miliyan 50, tararsa ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin wata tara, ko duka biyu. Mai iya kyautar miliyan hamsin, tarar dubu ɗari biyar kuɗin goro ne a wurinsa. Kada mu manta kuma masu yin dokar su ne masu cin gudummawar. In da kura na maganin zawo, ai da ta yi wa kanta.

A watan Disamba na 2014 an yi wata liyafa a Abuja don tara wa PDP da Shugaba Jonathan kuɗin zaɓe. A dare ɗaya aka ba da sanarwar an tara fiye da naira biliyan 21, lokacin da doka ta ce ɗan takara kada ya wuce biliyan 1. Aka riƙa kiran gudummawa da sunan rukuni, wai masu harkar mai sun ba da kaza, masu gine-gine kaza, abokai kaza. Da aka yi surutu, jam'iyyar ta ce kuɗin nata ne, ba na ɗan takara kaɗai ba. A ɗaya ɓangaren, magoya bayan Janar Buhari sun sayi katin gudummawa, talakawa da yawa a Arewa sun zuba abin da suka iya a asusun banki, shi kuma a cikin watan nan ya gaya wa 'yan jarida an tara kimanin miliyan 54. Wannan abin yabo ne. Amma ba mai hankalin da zai ce miliyan 54 ce ta biya jiragen sama da tallan talabijin da wakilan rumfuna a duk faɗin Nijeriya. Sauran kuɗin ma akwai masu shi. Ba jam'iyyar da za ta nuna wa 'yar'uwarta yatsa a kan wannan.

Inda bashin ya kan kai mutum, Jihar Anambra ta nuna mana. A 2003 Gwamna Chris Ngige ya saɓa da ubangidansa na siyasa, Chris Uba, wanda ya tsaya masa har ya hau. Cikin watan Yuli na shekarar 'yan sanda suka ɗauke Gwamna daga ofishinsa, aka ce wai ya yi murabus. Ya kuɓuta daga baya, amma jihar ta daɗe cikin tashin hankali.

Wata gardama da ya kamata a saurara

A cikin ajinmu akwai masu cewa, "Malam, ai kyauta a ɓoye ta fi lada. Don me za a tona asirin mai bayarwa?" Gaskiya ne sadaka a ɓoye tana da falala, domin ana rufa wa mabukaci asiri, ana kuma tsare zuciyar mai bayarwa daga riya. Amma jam'iyya ba miskiniya ba ce, ba marainiya ba ce, mulki ta ke nema a kan mutane. Abin da aka ba ta ya fi kama da bashi, malamai kuwa sun sanar da mu ayar da ta fi ko wace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Akwai gardama ta biyu, ita kuwa tana da nauyi ƙwarai, ba za mu raina ta ba. A garuruwa irin namu kowa ya san kowa. Idan aka manna sunan duk wanda ya taimaki jam'iyyar hamayya, ƙaramin ma'aikaci yana iya samun takardar canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ba ruwa. Mai rumfa a kasuwa yana iya rasa rumfarsa. Manomi a tsallake sunansa ran rabon taki. Iyayenmu sun ga haka a zamanin En'e, lokacin da katin NEPU kaɗai ya isa ya jawo wa mutum ƙarin haraji, ko sammaci zuwa gaban alƙali, ko gidan yari. A Amurka ma an yi irin wannan. Gwamnatin Jihar Alabama ta nemi ƙungiyar baƙar fata ta NAACP ta miƙa sunayen 'ya'yanta, a 1958 Kotun Ƙoli ta hana, domin ta gane abin da za a yi musu idan sunayen suka fita.

Sabo da haka ne ƙasashe su ke sa iyaka. Ƙaramar gudummawa a rubuta ta a littafin jam'iyya, amma ba a shelanta sunan mai ita. Babba kuwa dole a bayyana. A Amurka, a zaɓen tarayya, wanda ya ba ɗan takara abin da ya wuce dala 200 sunansa na fita, kowa na iya dubawa a intanet. Sun tsananta dokarsu ne a 1974, bayan abin kunyar Watergate da ya tuɓe Shugaba Nixon. A Ingila, a 1997, aka gano mai harkar tseren motoci Bernie Ecclestone ya ba jam'iyyar Leba fam miliyan 1, ga shi kuwa gwamnatin Leba ta nemi ta keɓe tseren motocin daga hanin tallan taba. Da magana ta fito sai jam'iyyar ta mayar masa da kuɗinsa, a 2000 aka yi dokar bayyana manyan masu bayarwa. Afirka ta Kudu ta fara aiki da tata a 2021. A Indiya gwamnati ta ƙirƙiro wata takardar banki da attajiri zai saya ya ba jam'iyya ba a san shi ba, a watan Fabrairu na 2024 Kotun Ƙolinsu ta soke ta, ta sa aka buga sunayen. A ganinmu hanyar ke nan: a rufa wa mai naira dubu asiri, a buɗe na mai miliyan. A ƙasarmu sau da yawa abin a juye ya ke. Kowa a unguwa ya san talakan da ya sa hular hamayya, amma ba wanda ya san wanda ya sayi motocin.

Inda mai karatu ya shigo

Takardar da ba mai karanta ta, da ita da babu duk ɗaya. Jam'iyyu ba su damu da kai lissafi ba domin sun san ba mai zuwa tambaya. A nan ne wanda ya fita daga jahilci ya ke da aiki.

A fara daga gida. Idan kana cikin jam'iyya, a Diginsa ka ke ko Kazura ko cikin garin Birniwa, duk abin da ka bayar ka karɓi rasit, ka karanta shi kafin ka sa a aljihu: kwanan wata, da adadi, da sa hannun ma'aji. Ran taron mazaɓa a nemi ma'aji ya tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Idan an aiko da kuɗi daga sama, a faɗi nawa ne, a faɗi wanda ya aiko. Rigimar da ta fi yawa a ofisoshin jam'iyya na ƙauye ita ce ta "an ba da kaza, shugabanni sun danne." Littafi ɗaya na naira kaɗan ya isa ya kashe rabinta. Ƙungiyoyin manoman shinkafa da na masunta da masu adashi sun riga sun saba da wannan, ba wani sabon ilmi ba ne.

Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, bayan an gama maganar rijiya da asibiti, wani dattijo ya tambaye shi cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, su wa suka ɗauki nauyin tafiyar nan?" Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya fusata kuwa, fushinsa ma amsa ce.

Sa'an nan akwai Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011. Ta ba ko wane ɗan ƙasa ikon ya nemi takarda daga hukumar gwamnati irin INEC, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukumar tana da kwana 7 ta ba da amsa, ba ta kuma cajin kome sai kuɗin kwafi. Wanda bai iya rubutu ba, doka ta yarda wani ya rubuta masa. Amma ku yanzu kun iya. Ga yadda a ke tsara irin wannan wasiƙa, ku kwafe ta cikin littattafanku:

Zuwa ga Kwamishinan Zaɓe,
Ofishin INEC, Dutse.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, bisa ga Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011, ina roƙo a ba ni kwafin rahoton gudummawa da lissafin kuɗin zaɓe da jam'iyyar ............ ta kawo wa Hukumarku game da zaɓen shekarar ............ Idan ba ta kawo ba, ina roƙo a sanar da ni haka a rubuce.

Ni ne,
............
Birniwa.

A rubuta kwafi biyu. A miƙa ɗaya, ɗayan a sa ma'aikacin da ya karɓa ya buga masa hatimi da kwanan wata, a komo da shi gida a adana. Ya fi kyau aji guda su haɗa kuɗin mota su tura mutum biyu, su kuma nemi na jam'iyyu duka, kada a ce wata suka nufa. Idan kwana 7 suka wuce ba amsa, doka ta ɗauka an hana ne, mai nema kuwa yana da kwana 30 ya kai ƙara gaban Babbar Kotu.